Shin girki a makaranta yana koyar da Japananci, ko kuwa ɓata lokaci ne?

Malamar Harsuna:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Japananci ga ɗaliban sakandare waɗanda ba su daɗe da gama koyon haruffan hiragana ba, kuma hukumar makarantarmu ta ba mu damar shiga ɗakin girki sau ɗaya a wata. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka: shin yara suna fita da wani abu na harshen, ko abincin kawai suke tunawa? Da wane girki ya kamata a fara?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da dafa shinkafa da miyar miso (miso ƙullun waken soya ne da aka bari ya tsimu), domin su ne ake koya wa yaran Japan kansu a darasin kateika, wato tattalin gida, wanda suke somawa a aji biyar na firamare. Amfanin girki ga mai koyon harshe yana cikin aikatau ne, ba cikin sunayen abinci ba. Idan kika ce "kitte kudasai" yaro ya yanka, kika ce "mazete kudasai" ya gauraya, to ya riga ya kama siffar aikatau mai ƙarewa da "te" da hannunsa, alhali ita ce take wahalar da ɗalibai a kan allo. Haka nan ƙirga: Japananci yana sauya kalmar ƙirga gwargwadon siffar abu, "hon" ga dogo kamar karas, "mai" ga shimfiɗaɗɗe kamar ganyen nori (busasshiyar ciyawar teku), "ko" ga dunƙulalle kamar ƙwai, kuma babu inda waɗannan suke haɗuwa wuri guda kamar teburin girki.

Tunda sun san hiragana, ki ba su "sa, shi, su, se, so", jerin da masu girki a Japan suke bi wajen zuba kayan ɗanɗano: sukari, gishiri, binigar, shoyu (ruwan ɗanɗano na waken soya), sannan miso; kowace gaɓa tana tuna sunan ɗaya daga cikinsu a Japananci. Sukari yana gaba saboda yana jinkirin ratsa abinci, miso kuwa a ƙarshe, domin ƙamshinsa yana gudu idan ya tafasa.

Abu Hanan:
Malam ya yi bayani, sai dai ni ina da ja. Sau ɗaya a wata ba zai zaunar da nahawu ba, kuma da zarar tukunya ta hau wuta yara sukan koma harshensu. Sai an raba musu takardar girkin tun mako guda kafin ranar, sun karanta ta a aji, sannan darasin zai tsaya da ƙafarsa. Ki kuma duba kayan haɗi da kyau, Malama: mirin na asali, ruwan ɗanɗano mai zaƙi da ake yi da shinkafa, yana da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari, yawancin shoyu akwai alkama a ciki, romon dashi kuma, wanda ake dafa miyar miso da shi, galibi da busasshen kifi ake yin sa, don haka a tambayi iyaye tukuna.

Ummu Salma:
Ni ɓangaren al'ada nake so in taɓa, 'yar uwa. A makarantun firamare na Japan ɗalibai ne suke sanya farin tufafi su raba wa junansu abincin rana bisa juyi, su ce "itadakimasu" tare kafin ci da "gochisousama" bayan an gama, duka kalmomin godiya ne, sannan su kwashe kwanuka. Gwamnati ta ɗauki cin abinci a matsayin ilimi, har ta yi dokar shokuiku, wato ilimin abinci, a 2005. Idan kika kwaikwayi wannan tsari, rabon aiki da gyaran wuri za su koyar da al'ada fiye da girkin kansa. Ki kuma gargaɗe su kada su kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, ko su miƙa wa juna loma daga tsinke zuwa tsinke, domin duka biyun suna da alaƙa da hidimar mamaci a can.

Malamar Harsuna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da shinkafa da miyar miso ba tare da mirin ba, kuma takardar girkin za ta isa hannunsu tun makon da ya gabaci darasin.