Zan ajiye babur wata uku: in bar batirin a kan caja mai yanke kanta?

Baban Amira, Unguwar Dosa: Assalamu alaikum. An tura ni kwas Abuja na wata uku, iyalina kuma za su koma Zariya, don haka babu wanda zai riƙa tayar da babur ɗina. Batirinsa rufaffe ne, bolt 12, amfiya 7. Bara da na ajiye shi mako shida kawai, na dawo na tarar ko sitata ba ya juyawa. Shin in sayi caja mai yanke kanta idan batir ya cika in bar ta a jone, ko in cire batirin in ajiye?

Ɗan Rigasa: Malam, ka sa yaro ya riƙa ba shi kik duk Juma'a, ka huta da kashe kuɗi.

Baban Amira: Ai na ce gidan kulle shi za a yi.

Alhajin Kawo: Ƙanena, kada ka kuskura. Na sayi irin wannan caja naira dubu 12 a kasuwa, mai shagon ya rantse mini cewa tana yanke kanta. Na jona ta a zaure na tafi Kafanchan biki. Kwana biyar na dawo na iske batirin ya kumbura kamar burodi, ruwansa ya zubo ya cinye wayoyi, har fentin jikin babur ya tashi. Da na mayar masa, sai ya ce wai wutar unguwarmu ce ta yi ƙarfi. Na sayi sabon batir, na biya mai gyaran waya, kuma har yau idan na bi ta gaban shagon sai ya kau da kai.

Oga, Panteka: Alhaji, da girmanka, abin da aka sayar maka cajar mota ce aka liƙa wa takarda. Irin ta tana tura amfiya 6 zuwa 10, alhali ƙaramin batir mai amfiya 7 abin da yake so bai wuce amfiya ɗaya ba. Ta gaskiya tana kai batir wajen bolt 14.4, sannan ta sauko ta riƙe shi a kusan 13.5, wanda ba ya tafasa shi. Batirin da aka bari ya sauka ƙasa da 12.4 ya daɗe a haka, farin gishiri ne ke kama farantansa, kuma zafi yana ƙara saurin zubar cajinsa. Mai kyau ba za ta gaza dubu 35 ba.

Malamar Barnawa: Dubu 35 kuma? Maigidana ya sayo tamu dubu 18, shekara biyu ke nan tana aiki.

Alhajin Kawo: Ni dai wanda ya ƙone ya fi sanin zafin wuta. Duk mai lissafin bolt bai biya mini ko sisi ba.

Oga, Panteka: Shekara 20 ina wannan sana'a, Alhaji. Kai sau ɗaya ka saya.

Ɗan Rigasa: Maslaha mai sauƙi ita ce ka kawo mini babur ɗin. Ina tabbatar maka batirin ba zai huta ba, balle ya mutu. Kuɗin mai kawai za ka riƙa turowa.

Malam na Tudun Wada: Ni shawarata ita ce ka cika batirin, ka cire baƙar wayar daga kansa, ka ajiye shi a inuwa. Batir mai lafiya yana iya jure wata uku a haka. Barin na'ura a jone cikin gidan da babu kowa shi ne abin da ban amince da shi ba, musamman yadda ake dawo da wuta da ƙarfi a wasu lokuta.

Malamar Barnawa: Ku da kuke da wutar ma ke nan. Taransifomarmu ta lalace tun kafin azumi, an tara kuɗi gida-gida har sau biyu, amma takardar biya ba ta taɓa fashin zuwa ba.

Alhajin Kawo: Mu ma an karɓi namu, har da na mita, shiru kake ji.

Baban Amira: Na gode, amma jirgin ƙasa na Rigasa zan bi ranar Litinin. Oga, idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, cajar tana ci gaba da kanta ne, ko sai an danna?