Tsohuwar CG125 tana juyawa amma ta ƙi tashi, ina zan fara duba?

Sabon-hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tsohuwar Honda CG125, irin ta kik, mai CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi. Ta yayana ce, ya bar mini ita bayan ta yi wajen wata takwas a jingine ba a tayar da ita ba. Ya ce lafiyarta ƙalau ya ajiye ta.

Yau kwana uku ina fama. Idan na buga kik injin yana juyawa sumul, ina jin nauyinsa a ƙafa, amma ko tari ba ta yi, sai sau ɗaya da ta yi "fuf" a salansa ta yi shiru. Na sa sabon fulogi. Na ƙara fetur lita biyu a kan wanda na tarar a tanki. Na ja cok, na sake shi, na murɗa totur, duk a banza. Batirin ya mutu murus, ko ham ba ya yi. Wani ya ce in sayi batir, wani ya ce CDI ne ya ƙone. Ƙafata ta dama har ta kumbura. Kafin in fara kashe kuɗi, don Allah masana ku ba ni haske.

Tsohon-bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Yaro, huta da kik ɗin nan haka, kada ka karya ƙafa a banza. Maganar batir kuma ka ajiye ta gefe. A irin wannan babur wutar fulogi daga magneto, ɗan janaretan da ke cikin injin, take fitowa ta bi ta CDI, batir na ham ne da sigina. Da mataccen batir ma tana tashi.

Abu ɗaya ba ka faɗa mana ba, kuma shi ne kan zancen: bayan ka buga kik goma da cok a ja, ka kwance fulogin, jiƙe yake ko bushe? Jiƙaƙƙen fulogi mai warin fetur yana nufin mai na isa amma ba ya kamawa, sai a koma wajen wuta. Busasshe kuwa yana nufin mai bai ma iso ba.

In bushe ne, ɗiga fetur kaɗan a ramin fulogi, bai kai rabin ƙaramin cokali ba, ka mayar ka ɗaure, ka buga. Idan ta kama ta yi ƙara na daƙiƙa biyu ta mutu, to wutarka lafiya, matsin injin ma ya isa, ciwon yana kafireta. Ni dai a nan nake zargi. Fetur idan ya daɗe a kwanon kafireta, mai sauƙin cikinsa yana tashi ya bar wani danƙo mai kama da tsohon fenti, kuma ramin ƙaramin jet, wanda ke ba da mai lokacin tayarwa da sulo, siriri ne ƙwarai. Shi ke fara toshewa. Sabon man da ka zuba a tanki bai taɓa abin da ke cikin kwanon ba, ka dai gauraya mai kyau da ruɓaɓɓe ne.

A ƙasan kwanon akwai sukurun tsiyaya. Buɗe famfon mai, ka sassauta shi, ka tara kwalba mai haske. Ka ga ko mai na zuba ba yankewa, ka kuma duba ko ruwa ya kwanta a ƙasan kwalbar.

Mai-waya ya amsa:

Baba ya yi magana, amma ni da wuta nake farawa, domin minti ɗaya take ci kuma ba ka jiƙa hannu da mai. Sa fulogin a hularsa, ka manna zaren jikinsa da ƙarfen injin, nesa da ramin fulogi don kada tururin mai ya kama, ka buga kik a inuwa. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi kake nema. Ja-ja mai rauni yana iya bayyana a fili amma ya gaza cikin injin, inda matsi yake da yawa. Sabon fulogi ma a duba tazarar bakinsa, 0.6 zuwa 0.7 na milimita.

Idan babu wuta sam, kada ka ruga sayen CDI. A Honda akwai waya baƙa mai ratsin fari da ke zuwa CDI daga makulli, aikinta kashe injin ta hanyar haɗa shi da jikin babur. Makulli ya yi tsatsa, ko ɓera ya ci wayar ta taɓa ƙarfe, sai wuta ta ɗauke ko da ka kunna. Zare ta ka sake gwadawa. Babur da ya kwana wata takwas, na fi zargin ɓera da tsatsa a kan CDI, wanda ba ya ƙonewa don zama.

Sabon-hannu ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na bi duka biyun. Wuta shuɗiya tas. Fulogi kuwa bushe ƙarau. Da na ɗiga mai ta kama nan take, har na tsorata, sannan ta mutu kamar yadda Baba ya faɗa.

Abin da ya fito daga kwanon kafireta ba zan kira shi fetur ba. Ruwan ƙasa-ƙasa ne mai tsami, da ɗigon ruwa a ƙasa da garin tsatsa. Na juye tankin gaba ɗaya, na wanke 'yar rariyar famfon mai, na kwance kafireta. Babban jet a buɗe yake, ƙaramin kuwa ko haske ba ya wucewa. Na jiƙa shi a maganin wanke kafireta na hura, na ɗaura. Yanzu tana tashi a kik na biyu! Sai dai da cok kawai. Ina sakin cok sai ta mutu, sai in na riƙe totur. Akwai allura a nan, in zura a jet ɗin in ƙara buɗe shi?

Tsohon-bakanike ya sake amsawa:

Kul, ajiye allurar nan. Jet tagulla ne, allura ƙarfe ce, tana faɗaɗa ramin, daga nan babur ya riƙa shan mai yana baƙanta fulogi kuma ba gyara sai sabo. In dole ne, silin waya na tagulla guda ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki ya isa, a hankali.

Mutuwa idan an saki cok yana nuna har yanzu mai bai ishe ta a sulo ba. Jet ɗin kaɗai ka wanke, amma akwai siririyar hanya a cikin jikin kafireta da ta tashi daga gare shi ta fito kusa da bakin injin. Kafin ka cire sukurun daidaita mai da iska na sulo, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya tsaya, ka rubuta, don ka mayar da shi daidai. Lura da ɗan sifirin ɗinsa, yana son tsalle ya ɓace. Fesa magani ta ramin har ka ga ya ɓullo ta ɗaya gefen.

Idan bayan haka halin bai canza ba, duba mahaɗin kafireta da injin, domin tsohon gasket ko robar wurin na tsagewa iska ta riƙa sata. Kuma tunda hannunka ya riga ya yi baƙi, bari injin ya huce sarai ka auna tazarar bawul, 0.08 na milimita duka biyun. Baƙin man ciki ma ka sauya shi kafin ka hau titi, ka sunsuna wanda ya fito, ko fetur ya gangara ya shiga.