"Dokin mai baki ya fi gudu": yabo ne ko zambo?

Ɗan Barga: Salamu alaikum. Yayana ya sayi wani akawal domin hawan sallah, dillali ya rantse masa shekararsa 5, ba ya harbi, ba ya tutsu. Ba a yi nisa ba doki ya fara ɗingishi. Da aka je gaban dattawa dillalin ya yi ta zuba har Yaya ya rasa ta cewa. Sai wani tsoho ya ce, "Dokin mai baki ya fi gudu," aka watse. Yanzu dillali na yawo yana cewa shi aka yaba, Yaya kuwa ya ce zagi ne. Wa ya fahimci tsohon?

Bakatsine: Zambo ne mana. A baki kawai dokin ke gudu. A kai shi fili a gani.

Malam Na Zaure: Ban yarda gaba ɗaya ba. Tsohon ya faɗi yadda duniya take ne: wanda ya iya magana shi ke cin shari'a, mai kunya a bar shi da asara. Amma a addini maganar a fili take. Hadisin Muslim ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu, kuma wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayar da kaya. Ɗan Barga, an kafa shaidu lokacin da aka sallama?

Ɗan Barga: Yaran dillalin ne kaɗai a wurin, Malam. Su ne ma suka riƙa taya dokin suna ƙara kuɗi.

Malam Na Zaure: Subhanallah. Wannan tayin na ƙarya ma haramun ne.

Uwar Biyu: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Mahaifinta mai kula da bargar hakimi ne, a cikin dawaki ta tashi. Wata shekara kakanmu ya sayar da gyaɗa, ya tafi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sai ga shi da yamma da wani kili, dillali na biye da shi zai karɓi cikon kuɗi. Ta leƙo daga soro ta ga dokin jiƙe da gumi. Ta aika a ce wa dillali baƙo ba ya tafiya da dare, ga tuwo, a ɗaure doki a turke sai da safe. Ya yi ta rantsuwa yana da uzuri, ta ce to ya tafi da abinsa ya dawo da kafin alƙalami. Dole ya kwana. Da asuba ta sa yaro ya ja dokin a kan tsandauri, ba sirdi ba linzami, ragama kawai. Ƙafar gaba ta dama da ƙyar yake taka ta. Ashe tun safe ake sukuwa da shi don jiki ya yi zafi ciwon ya ɓuya. Ta ɗaga leɓensa, haƙora sun yi tsawo sun karkato gaba, ta ce, "Malam, wannan ai ya girmi ɗan farina." Dillali bai tsaya shan koko ba.

Bakatsine: Allah ya jiƙan Inna! Da ita za a ba aikin tantance 'yan takara. A ɗaure su a turke su kwana, da safe a duba haƙora.

Ɗan Tasha: Wa zai kwana? Namu tun da ya ci zaɓe muka koma kuturi, mu da dokinmu. Rijiyar da ya yi alkawari har yanzu a baki take gudu.

Mai Kilisa: Ku bar siyasa. Abin da Inna ta yi shi ne daidai har gobe. Doki na sake haƙoran gaba bibbiyu sama da ƙasa, daga shekara biyu da rabi, sai uku da rabi, sai huɗu da rabi, a shekara 5 baki ya cika. Ku shafa ƙafafu huɗu ku ji ko akwai zafi ko kumburi, ku ɗaga kofato, ku saurari numfashinsa bayan gudu. Yanzu har allurar kashe ciwo ake yi musu, shi ya sa kwana ɗaya ma ba ya isa. Ku je da likitan dabbobi, ku karɓi takarda a hannun shugaban dillalai, don dokin sata ma na shiga kasuwa.

Uwar Biyu: Abin mamaki, ita Inna ba a kan doki take yin karin maganar ba. Kishiyarta take yi wa, duk ranar da ta riga ta kai ƙara wurin maigida.

Ɗan Tasha: To ashe an koma wani fagen. Ɗan Barga, akawal ɗin dai zai yi hawan Daushe ko a ƙasa Yaya zai bi sarki?

Ɗan Barga: Yana nan a turke yana cin harawa da dusa. Mai Kilisa, kumburin a bayan dantse yake ƙasa da gwiwa, ruwan sanyi za a sa ko na ɗumi?