Tafiya mai nisa da jaririya da ɗan shekara 3: mota ko jirgi, dare ko rana?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata tafiya da ke gabanmu nan da mako 5, wadda tun da aka tsayar da ranarta hankalina bai kwanta ba. Za mu je wajen dangin maigidana mu yi mako 2. A mota tafiyar ba ta kasa awa 10, a jirgin sama kuwa awa ɗaya da rabi ce, sai kuma kusan awa 2 a mota daga filin jirgi zuwa gida. Yarana biyu ne, namiji ɗan shekara 3 da rabi, da jaririya 'yar wata 8 wadda har yanzu nono take sha, ko da yake ta fara cin abinci mai laushi.

Abin da ya jefa ni cikin fargaba shi ne tafiyar da muka yi bara, lokacin ina da tsohon ciki. Na miƙa wa yaron waya don ya yi shiru, ba mu yi awa ɗaya a hanya ba ya fara amai, ya ɓata kayansa da nawa, ga shi sauran kayan duk suna ƙulle a but. Da muka isa kuma sai barcinsa ya birkice, muka kwana uku yana kuka cikin dare a gidan mutane, har kunya ta hana ni haɗa ido da surukata.

Yanzu maigida yana so mu tashi bayan yara sun yi barci mu kwana muna tafiya. Wata maƙwabciyata ta ce in ba su maganin mura mai sa barci kafin mu tashi. Ƙanwar maigida kuma za ta biyo mu, shi ya sa aka ce a cire kujerar jaririyar daga mota domin wuri ya isa, in riƙe ta a cinya. Wanne ne daidai a cikin waɗannan, kuma ko jirgin ya fi mana sauƙi?

Baban Huɗu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da maganar kujera, domin ita ce kaɗai a cikin tambayoyinki da ba ta karɓar ciniki. Motar da ta yi karo tana gudun kilomita 50 a awa, wanda gudu ne na cikin gari kawai, bugun da mutanen ciki ke sha daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar ido babu hannun uwa da zai iya riƙe jariri, komai ƙaunarta da ƙarfinta, kuma idan ta haɗa kanta da jaririn a cikin bel ɗaya, nauyin jikinta ne zai danne shi. Jaririyarki ta zauna a kujerarta a bayan mota, tana fuskantar baya, saboda kan jariri yana da nauyi idan aka gwada shi da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, to kujerar da ke fuskantar baya tana tallafe kai da wuya da baya gaba ɗaya. Dokar Tarayyar Turai ta kujerun yara ta wajabta hakan har wata 15, likitocin yara da yawa kuma suna ba da shawarar a ci gaba har sai yaro ya fi ƙarfin kujerar. Kada a ɗora irin wannan kujera a gaba inda jakar iska, wadda ke kumburowa da ƙarfi idan mota ta yi karo, take aiki. Babban ma yana buƙatar tasa kujerar. Idan wuri bai isa ba, a rage akwati, ko ƙanwar maigida ta bi wata motar, amma ba kujerar yarinya za a sadaukar ba.

Game da tafiyar dare, na gwada sau biyu kuma ba zan ɓoye miki ba, yara sun yi barci, mota ta yi tsit. Sai dai ni da nake tuƙi na isa a galabaice, yara kuma suka farka garau daidai lokacin da mu iyayensu muke neman inda za mu yada haƙarƙari. Daga baya na koma tashi da asuba, mu ɗauke su cikin kayan barcinsu mu ɗaure a kujera, sai mu ci awa 2 ko 3 kafin su farka. Duk bayan awa 2 mukan tsaya, a fito da jaririn daga kujera ya miƙe jikinsa, manyan su yi guje-guje na minti 15. Da wannan lissafi awa 10 za ta zama 11 ko fiye, don haka idan da hali ku raba tafiyar kwana biyu.

Abu ɗaya da za ki yi wa kowa kashedi a kai: ko saya ɗaya za a shiga yi, kada a bar yaro a cikin mota a rufe. Zafin cikin mota yakan hau da kusan digiri 10 a cikin minti 10, sauke gilashi kaɗan kuma ba ya hana hakan.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

'Yar'uwa, don Allah ki ajiye shawarar maƙwabciyarki. Magungunan mura da na ƙaiƙayi masu sa barci ba a ba wa jariri ɗan ƙasa da shekara 2, domin wasunsu suna iya rage masa ƙarfin numfashi, kuma yaron da aka ɗaure a kujera yana barcin magani kansa na iya langaɓewa gaba ba tare da ya farka ya gyara ba. Ko a yaran da suka ɗan tasa, maganin yakan yi akasin abin da ake so, yaro ya rikice ya yi ta zabura da kuka har ƙarfinsa ya sake shi. Idan kina ganin aman babban ya kai a nemi magani, likita ne zai duba shekarunsa da nauyinsa ya rubuta.

Amma ina zaton wayar nan ce ta jawo miki aman bara. A can cikin kunne akwai sashen da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki yana motsi. Idan yaro ya kafa ido a kan waya ko littafi, idonsa yana cewa a tsaye ake, kunnensa yana cewa ana tafiya, wannan saɓanin ne ke kawo jiri da tashin zuciya. Abin ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12, jarirai kuwa ba safai yake damunsu ba, saboda haka ɗanki ya shiga shekarun ke nan, ƙanwarsa ba ta kai ba. Ki zaunar da shi inda zai riƙa hango nesa ta gilashi, iska tana shigowa, ki ba shi abinci marar maiƙo ɗan kaɗan kafin a tashi, kada cikinsa ya zama wayam, kada kuma ya cika tim. A madadin kallo, a sa masa waƙa ko a ba shi labari. Da zarar kin ga ya yi shiru ba gaira ba dalili, yana hamma da gumi mai sanyi, to a tsaya, aman ne ke tafe. Kayan canji na yara da naki, da leda da tsumma, su kasance a ƙarƙashin ƙafarki.

Idan kuwa jirgi kuka zaɓa, abin lura shi ne kunne. 'Yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro a wajen yara gajera ce kuma matsattsiya, shi ya sa canjin iska yake yi musu zafi, musamman lokacin sauka, wanda yakan fara kimanin minti 30 kafin jirgi ya taɓa ƙasa. Haɗiya ce ke buɗe hanyar, don haka ki shayar da jaririyar a lokacin, babban kuma ya riƙa kurɓar ruwa. Idan ɗayansu yana fama da mura mai tsanani ko ciwon kunne, likita ya duba shi kafin ranar. Yawancin kamfanonin jirgi suna barin yaro ɗan ƙasa da shekara 2 ya zauna a cinyar babba, amma ɗan shekara 3 sai an yanka masa tikitin kujerarsa.

A jakar hannunki ki saka ma'aunin zafin jiki, da farasitamol na yara wanda kin riga kin san ma'aunin da ya dace da nauyin kowanne, da garin ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc, domin canjin ruwa da hannuwa masu yawa da za su ɗauki yara sukan kawo gudawa. Ki karanta jikin ƙullin don sanin yawan ruwan da ake haɗa shi da shi, zinc kuma kwana 10 zuwa 14 ake bayarwa. Kin yi sa'a da take shan nono, domin abincinta yana tare da ke, babu wanke kwalba babu neman ruwan zafi. Sai dai kada ki ciro ta ki shayar mota tana tafiya, a tsaya tukuna.

Kakar Yara ta amsa:

'Yata, waɗanda suka riga ni sun gama da hanya, ni kuwa na lura cewa abin da ya fi ƙona miki rai a labarinki shi ne darare ukun nan, kuma ba a taɓa su ba. Na raini 'ya'ya, yanzu jikoki ake kawo mini hutu, saboda haka na zauna a ɓangarorin biyu.

Ƙaramin yaro ba ya duba agogo, da jerin abubuwa yake gane lokaci. Idan ya saba a yi masa wanka, a sa masa wata riga, a rage haske, a yi masa waƙa, to wannan jerin shi ne dare a wajensa. A baƙon gida komai ya canza, ƙamshin ɗaki, muryoyi, shimfiɗa, ga mutane kowa yana so ya ɗauke shi, a yi ta hira har tsakar dare yana tsakiya. Yaron da gajiya ta yi wa yawa ba barci yake yi ba, rigima yake ƙarawa, wannan kuma iyaye da yawa ba su gane ba, sai su ce a bar shi ya gaji da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini, jariri ɗan wata 4 zuwa 11 kuma awa 12 zuwa 16. Ki lissafa abin da ɗanki ya samu a waɗancan kwanaki, za ki ga bashin barci ne ya taru masa.

Ki tafi da bargonsa ko abin wasan da yake kwana da shi, kuma kada ki wanke shi daf da tafiya, warin gidan da ke jikinsa shi ne amfaninsa. Tun daren farko ki janye su a lokacin da suka saba kwanciya, ko da hira ta yi daɗi. Ki sa maigidanki ya yi wa mahaifiyarsa bayani tun kafin ku iso, domin maganar ta fi sauƙin karɓuwa daga bakin ɗa fiye da bakin suruka, kuma ina tabbatar miki babu kakar da ta fi son kukan dare a kan a katse mata hira. Ita jaririyar kuma a watannin ƙiwa take, kada ki ji kunya idan ta ƙi zuwa hannun kowa. Ki riƙe ta a jikinki, su zauna kusa su yi mata wasa, kwana biyu ko uku da kanta za ta miƙa hannu.

Ban yarda da Baban Huɗu a kan raba tafiya kwana biyu ba. Kwana a masauki baƙon wuri ne na biyu, da sauke kaya da ɗora kaya, yaro bai gama sabawa ba an sake tashi. Idan aljihu zai ɗauka, ni jirgin zan zaɓa.

Baban Huɗu ya sake amsawa:

Mama, na karɓi gyara a kan masauki, gaskiyarki ce, mu ma daren masaukin bai taɓa yi mana daɗi ba. Sai dai a tuna cewa awa ɗaya da rabi ta jirgi a takarda ce kawai. Idan aka haɗa zuwa filin jirgi da wuri, da layin bincike, da jiran kaya, da awa 2 ta mota a ƙarshe, tafiyar za ta kai awa 6 ko 7, ban da jinkirin tashi. Sannan waccan motar da za ta ɗauke su daga filin jirgi ita ma tana buƙatar kujerun yara, a nan ne mutane da yawa suke sakaci. Kamfanoni da dama suna karɓar kujerar yara da keken jariri a cikin kaya, sai ta tambaya kafin ta yanki tikiti.

Uwar Biyu ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida amsoshinku daren jiya, maganar bene mai hawa uku ce ta sa ya yi shiru, yau da safe kuma da kansa ya ce kujerun yara ba za su fita daga mota ba. Maganin barci na bar shi. Mun fi karkata ga jirgi a zuwa, mu tafi da kujerun biyu, ƙanwarsa kuma za ta taimaka mini da babban. Mama, maigida ya yi alkawarin kiran mahaifiyarsa a ƙarshen mako. Saura tambaya ɗaya ga Malama Ma'aikaciyar Jinya: akwai jirgin ƙarfe 7 na safe da na ƙarfe 1 na rana, na ranar ya yi daidai da lokacin barcin jaririyar, shin in tashe ta ta sha nono idan an fara sauka, ko in ƙyale ta?

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Ki ɗan motsa ta a hankali idan an sanar da fara sauka, ki ba ta nono ko da tana cikin magagi, domin mai barci ba ya yawan haɗiya, kuma gara ta farka a hannunki da ta farka da zafin kunne. Ni dai na safen zan ɗauka, saboda jinkiri ya fi taruwa a kan jiragen rana, kuma za ku isa gida da sauran haske, yara su ga ɗakin da za su kwana kafin duhu ya yi.