Za mu ziyarci masana'antar giya ta Pilsen, wane kaya ya dace in sa?

Ɗaliba a Prague:
Assalamu alaikum. Ina karatun fasahar sarrafa abinci a Jamhuriyar Cek, kuma a ƙarshen watan Mayu za a kai ajinmu Pilsen mu ga masana'antar Pilsner Urquell, saboda darasin tsima da yis da muke yi. Ni ba na sha, aikin kawai za ni gani. An ce mu zo da kayan da za mu sake a ciki, amma ba a yi wani bayani ba. Ina sa hijabi, kuma yawanci abaya nake fita da ita. Yayye da iyaye da suka san irin wurin nan, me zan sa, me zan bari a gida?

Injiniyan Abinci:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da za ki fara riƙewa shi ne, cikin kusan awa biyu za ki ratsa yanayi uku, kuma kaya ɗaya mai kauri ba zai yi miki duka ba.

A waje, ƙarshen Mayu a can da rana iska na kaiwa wajen digiri 20, da safe da ɗan sanyi, ruwa kuma kan sauko ba sallama. Sai ɗakin dahuwa, inda manyan tukwanen jan ƙarfe suke. Nan ake tafasa ruwan tsiron sha'ir da furen hop (wani tsiro mai ba giya ɗaci da ƙanshi), don haka akwai ɗumi da tururi. Daga nan sai a gangara da ku ƙarƙashin ƙasa, cikin ramukan da aka fara sassaƙawa a dutse tun lokacin gina masana'antar, wadda aka buɗe a 1842. Tsawonsu ya kai kilomita 9, ko da yake ɗan yanki kaɗan ake nuna wa baƙi, kuma sanyinsu wajen digiri 5 zuwa 6 ne, rani da damina. Domin wannan sanyin aka haƙa su tun farko, tunda irin giyar da Josef Groll, mai dafa giyar masana'antar na farko, ya fara dafawa a can yis ɗinta a sanyi yake aiki, sannan a ajiye ta makonni a ganguna.

Abin da ke kayar da mutane shi ne zufa. Za ki sa rigar sanyi mai nauyi tun daga gida, ki yi gumi a ɗakin dahuwa, rigar cikinki ta jiƙe, sai ki shiga ƙarƙashin ƙasa da jiƙaƙƙen kaya a jiki. Auduga tana riƙe ruwa ba ta saurin bushewa, sai sanyin ya ninka. Maganinsa a yi hawa uku masu sauƙin cirewa: riga marar nauyi mai dogon hannu a ciki, gara ta ulu mai laushi ko irin ta 'yan wasa mai saurin bushewa, sai suwaita mai zif a gaba, sai 'yar jaket marar nauyi mai tare ruwa. Zif ɗin gaban yana da amfani gare ki musamman, domin suwaitar da ake cirewa ta ka za ta riƙa jan hijabinki. Ki cire biyun saman tun kafin ki shiga wurin zafi, kada ki jira sai kin fara gumi, ki mayar da su a bakin matattakalar gangarawa.

Takalmi kuwa babu sassauci. Sau ciki mai rufe yatsu da dunduniya, ƙasansa roba mai zane. Farfajiyar wurin duwatsu ne aka jera, ƙasan ramukan kuma kullum da laima. Takalmin fata mai sulɓin ƙasa yana santsi a kan jiƙaƙƙen dutse, mai tsini yana maƙalewa a tsakanin duwatsu da ragar ƙarfen matattakala, silifas kuma ba ya kare yatsu daga komai. Kada ya zama sabo, tunda za ki yi tafiya da tsayuwa sosai. Ki haɗa da safa mai ɗan kauri, don sanyin ta tafin ƙafa yake shiga.

Antin Jamus:
'Yata, Injiniya ya gama maganar yanayi, bari in taɓa ɓangarenmu. Abayar da ke jan ƙasa ki bar ta a gida ranar. Gefenta zai sha ruwan ƙasa ya yi nauyi, ya riƙa manne miki a ƙafa da sanyi, kuma a matattakala hannu ɗaya zai tafi wajen tattare ta alhali da shi ya kamata ki riƙe ƙarfen gefen matattakalar. Ki sa wando mai ɗan faɗi, ba matsattse ba, ki ɗora doguwar riga da ta wuce gwiwa. Suturarki ta cika ke nan. Idan lallai abaya kike so, ki nemi wadda ta tsaya yatsu huɗu sama da idon sawu, mai tsukakken hannu, ki sa wando a ciki.

Hijabi kuma ki zaɓi na yadi mai talewa, wanda yake zama ba sai da fil ba, ki cusa bakinsa cikin suwaita. Gyale mai santsi zai yi ta zamewa duk lokacin da kika sa jaket ko kika cire. Akwai wani dalilin ma. Idan malaminku ya nemo muku izinin shiga inda ake aiki sosai, ba hanyar 'yan yawon buɗe ido kawai ba, dokar masana'antun abinci ba ta yarda da fil, zobe, agogo ko awarwaro ba, don kada wani abu ya faɗa cikin abin da ake sarrafawa, kuma duk wani yadi mai lilo haɗari ne kusa da bel ɗin da ke jan kwalabe. A irin nan su za su ba ku riga mai ƙyalli da abin toshe kunne, wani lokaci har da hular raga, wadda ake ɗorawa a kan hijabi.

Turare ki rage, ko ki haƙura da shi. Za a miƙo muku tsiron sha'ir da hop ku shinshina, kuma da humra a wuyan hannu ba za ki ji ƙanshinsu na ainihi ba, na kusa da ke ma haka.

Ɗaliba a Prague:
Na gode Anti, na gode Yaya. Jaka fa? Kuma azahar za ta same mu a can, ina tunanin kayan da zan yi salla da su.

Malam Na Gefe:
Tambayarki ta biyu ita ce ta fi damuna, 'yar'uwa. A ƙarshen zagayen, a can ƙarƙashin ƙasa, ana zubo wa manya giya kai tsaye daga gangar katako. Ki faɗa wa mai zagayawa da ku tun farko cewa ba kya sha, ba a tilasta kowa. Sai dai wurin yana cika, kofuna a hannu, kumfa na zuba, ƙasa a jiƙe. Ki tsaya daga baya ko gefe. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi, giya najasa ce, don haka ki ɗauki hijabin salla mai sauƙi da safa ɗaya ta canji, ki naɗe su a leda mai rufewa a ƙasan jaka. Idan wani abu ya fantsamo miki a riga, ki wanke wurin da ruwan sanyi nan take kafin ya bushe, ruwan zafi yana kama tabon. Kaya masu duhu sun fi rufa asiri a nan, fari ko ruwan madara kuwa ɗigo ɗaya ya isa ya fito. Wari shi kaɗai ba najasa ba ne, amma warin dafaffen sha'ir yana kama ulu, za ki so ki shanya suwaitar idan kin koma.

Injiniyan Abinci:
Jaka ki ɗauki ƙaramar ta goyo, wadda za ta ci jaket da suwaita idan kin cire su, hannayenki biyu su zama a sake. Lema ba ta da amfani a ciki, jaket mai hula ta fi. Idan kina sa tabarau, ki sa ɗan ƙyallen gogewa a aljihun waje, domin da kin fito daga sanyi zuwa iska mai ɗumi gilashin zai yi hazo, kyamarar wayarki ma haka, kuma daidai kan matattakalar fitowa yake faruwa. Jirgin ƙasa daga Prague wajen awa ɗaya da rabi ne, kuma tashar ba ta da nisa da ƙofar masana'antar, da ƙafa za ku ƙarasa, saboda haka ki sa takalmin tun daga gida.