Abin da Aka Tattauna Kan pH a Ƙaramin Tankin Murjani

1. An yarda pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya zauna tsakanin 7.8 da 8.4. Ya ɗan sauka da dare ba matsala ba ce, hawa da faɗuwa kwatsam ne ke wahalar da murjani, halittar teku da ake kiwo a tankin.

2. Ɗaki a rufe yana tara iskar da muke fitarwa, ita ke janyo pH ƙasa. A buɗe taga, janareta kuma nesa.

3. Da hunturun Kaduna ruwa na ƙafewa da sauri, har gishiri ya yi fari a bakin gilashi. A cike da tataccen ruwa mara gishiri, kullum.

4. In an ɗauke wuta, famfon iska mai batir.

Kan ruwan Kalkwasser, wato ruwan sinadarin calcium hydroxide mai ɗaga pH, aka rabu: wasu na ɗiga shi da dare, wasu sun ce ƙaramin tanki ba ya jure kuskure. Ni da na biyun nake.