Fijo 504 ta gado: a kai wa dillali ko mu sayar da kanmu?

Mai tambaya, Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar Fijo 504 fara, haɗin Kaduna, wadda ya saya sabuwa fil. Mu tara ne magada, kuma an yarda a sayar a raba kuɗin. Babban yayanmu ya ce a kai ta filin dillali a ajiye, ni kuwa ina ganin mu nemi mai saye da kanmu. Don Allah wanda ya taɓa sayar da tsohuwar mota irin wannan ya faɗa mana yadda ta kaya.

Ɗan fansho, Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Ni dai na ɗanɗana, ba daɗi. Marsandi 200 ce tawa, irin wadda aka daina ƙerawa a 1986, kafin sabuwar Marsandi, bi-but, ta cika gari. Na kai wa wani dillali, muka yi magana baki da baki, babu rubutu. Wata bakwai tana shan rana da ƙura a bayan fili, don gaba an jera Toyota da Honda masu saurin fita. Da na je dubawa, gaban mota ya tsage, batir ya mutu, tauraron kan bonet ya yi ƙafa. Tauraron nan ya fi ƙona mini rai, don na asali ne. Daga baya na ji ashe kuɗin da yake faɗa wa masu saye ya kusa ninka wanda na yanka masa. Wato ga la'ada, ga kuma abin da ya ɗora a kai. Na ɗauko abata a kan jan igiya.

Wata Hajiya, Kano:
Alhaji, Allah Ya mayar da alheri, amma ni dillali ya rufa mini asiri. Da na fita takaba, motar maigidan tana gareji, kuma ba zan iya da maza baƙi suna sallama safe da yamma ba. Ƙanena ya kawo wani dattijo, aka rubuta takarda: kuɗin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, la'adarsa kashi 5 cikin 100, wa'adin wata biyu, kuma motar ba za ta bar gida ba, sai dai ya kawo mutum ya gani. Sati biyar aka sayar. Tunda ku tara ne, malam, rubutun nan ya fi muku amfani fiye da ni, don kuɗin gado ba ya son "an ce".

Bakanike, Kakuri:
Ɗan'uwa, kafin ka zaɓi hanya, ka san wa kake nema. Masu sayen 504 kashi biyu ne. Akwai mai neman motar aiki, zai loda mata buhuna ranar kasuwa, shi wannan da kuɗin ƙarfe zai taya. Akwai kuma mai neman motar ƙuruciyarsa, wanda aka kai shi makaranta a cikinta, ko ubansa ya karɓi bashin mota ya saye ta. Wannan na biyun ba ya zagaya filin dillalai, a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu tsoffin motoci ake samunsa, wani ma daga Abuja ko Legas zai kira.

A nan unguwarmu kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a 1975, kuma 504 ta daɗe tana fita daga Kaduna bayan an daina yin ta a Faransa. Shi ya sa ba ta yi ƙarancin da wasu ke zato ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wadda ba a taɓa ba: injinta na asali, lambar shasi ta yi daidai da takarda, ƙasanta bai ci tsatsa ba, kujeru ba a sake musu riga ba. In taku haka take, don girman Allah kada ku yi mata sabon fenti. Na ga wanda ya kashe kuɗi ya feshe tasa da ja mai walƙiya, mai saye ya zo ya ce me aka ɓoye a ƙasa, ya juya. Ku wanke ta, ku sa batir, a gyara kafireto ta tashi da bugu ɗaya, shi ke nan.

Malamin makaranta, Katsina:
Ni da kaina na sayar da Bitil ɗina, na kuma samu fiye da abin da dillalai suka taya, amma na sha waya. Cikin masu kira goma, takwas hira kawai suke so. Ɗaya ya nuna mini alat a wayarsa yana miƙo hannu a ba shi mukulli, na ce mu jira tukuna. Har yau kuɗin bai shigo ba. Kada ka saki mukulli sai ka ga kuɗi a asusunka da idonka, kada kuma a fita gwaji ba kai a ciki.

Dillali, Kano:
To, a bar mu mu ma mu ce wani abu. Mota mai shekara arba'in tana cin wurin da za a sayar da uku a wata. Kuma masu ita sukan zo da kuɗin ƙauna, ba kuɗin kasuwa ba: "Baba ya je Maiduguri da ita ba ta tsaya ba." Mai saye ba zai biya wannan ba. Abin da ya samu Alhajin Zariya bai kamata ba, ban kare shi ba. Amma a tambayi dillali tsofaffi nawa ya taɓa sayarwa. In ya fara kame-kame, ba layinsa ba ne.

Ɗan fansho, Zariya:
Da an faɗa mini haka tun ranar farko, ai da ban bar ta ba.

Ma'aikaciyar kotu, Kaduna:
Ba wanda ya taɓo takardu. Suna nan da sunan marigayi, ko? Ku fara samun yardar magada duka a rubuce, a wakilta mutum ɗaya ya sa hannu. Bayan ciniki a yi takardar sayarwa da shaidu, a tabbata mai saye ya canja suna. Maƙwabcinmu ya sayar da tasa bai bi wannan ba, shekara biyu bayan nan 'yan sanda suka zo ƙofarsa kan hatsarin da bai san da shi ba.

Mai tambaya, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na karanta wa Yaya duka. Mun tsaya a kan dabarar Hajiya: mota tana gida, ni zan sa hotuna wata guda, in ba a dace ba a kira dillali da takarda. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Da autarmu ta ji ana maganar fenti da mukulli, ta ce a yi wa motar kuɗi a cire daga rabonta. Malam bakanike, ko za ka leƙo ranar Asabar ka duba mana ƙasanta?